Shirin XDP da teburin conntrack: don me kanel ya hana ni rubutu a katin haɗi?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana uku ke nan ina fama da wata matsala, shi ne na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ina kula da wata na'ura mai Debian 12, kanel (wato zuciyar Linux) siga 6.1, ita ce ƙofar da kwastomominmu ke fita intanet. nftables, wato tsarin dokokin katangar tsaro na Linux, ke yi mana NAT, wato musanya adireshin kwastomomi da namu in za su fita. Da yamma in mutane sun taso daga aiki sai ta fara nishi. Sai na rubuta ɗan shirin XDP, wato irin shirin BPF da ake lodawa cikin kanel ya tari fakiti tun a mashigar na'ura: fakiti na shigowa a nemi katinsa a conntrack da bpf_xdp_ct_lookup, in an samu a canza adireshi da lambar ƙofa yadda katin ya nuna, a tura shi waje nan take ba tare da ya hau cikin kanel ba. Nauyi ya ragu ƙwarai. Amma sai koke ya fara zuwa, wai kiran murya na tsinkewa bayan kamar minti biyu. Da na bibiya na ga wa'adin katin ne ke cika, tunda conntrack ba ya ganin fakitocin balle ya sabunta shi. Na so in rubuta sabon wa'adi a ct->timeout, mai tantancewa, wato sashen kanel da ke duba shirin BPF kafin a loda shi, ya ƙi loda shirin, ya ce "no write support to nf_conn at off". Na gwada ct->status, haka nan. Amma ct->mark ya bari.

Ni ne root, mai cikakken iko, a na'urar nan. Don me zai bar ni in karanta komai, ya bar ni in rubuta a gurbi ɗaya, sannan ya rufe min sauran?

Bashir: Wa alaikumus salam Yaya Nura. Kafin malamai su amsa, don Allah a taimaka wa irinmu masu tasowa: wane kati ake magana?

Malam Habibu: Bashir, ka san katin asibiti. Ranar da ka fara zuwa ake buɗe maka, duk dawowarka a ciro shi a duba. Haka conntrack ke yi wa kowane haɗi. In wayarka ta aika fakitin farko, sai kanel ya buɗe kati, sunansa a cikin rubutun kanel struct nf_conn. A jiki akwai bayani biyu: yadda fakitin tafiya zai kasance, da yadda amsa za ta dawo, kowanne da adireshi da lambar ƙofa. Akwai tutocin matsayi, akwai wa'adi, akwai wata lamba mai bit 32 da ake kira mark. NAT da katangar tsaro duk da wannan katin suke aiki.

Nura, abin da kake nema akwai shi, ƙofar ce ba ka bi ba. Tun kanel 6.0 aka sa bpf_ct_change_timeout. Ka ba shi katin da ka samo, ka ba shi wa'adi da milisakan, shi ke nan. In UDP kake so ya ƙara minti biyu, 120000 za ka rubuta.

Kuma ka gode wa Allah da aka hana ka. Me ka yi niyyar rubutawa a gurbin?

Nura: Daƙiƙa 120 sau HZ, wato yawan bugun agogon kanel a daƙiƙa ɗaya, Malam. Debian na da 250, wato 30000.

Malam Habibu: To ka gani. Gurbin nan fuska biyu gare shi. Kafin a shigar da kati tebur, tsawon lokaci ne ke ciki. Bayan an shigar, sai ya koma ƙayyadadden lokacin mutuwar katin bisa agogon kanel. Da ka rubuta 30000 a katin da ke cikin tebur, kanel zai karanta shi a matsayin wani lokaci dabam, galibi wanda ya riga ya wuce, ya share katin a zagayensa na gaba. Maimakon kira ya tsinke bayan minti biyu sai ya riƙa tsinkewa tun daga sallama. Su kansu masu kanel wannan fuska biyun ta taɓa yi musu tuntuɓe: a 2023 sai da aka sa faci a bpf_ct_insert_entry don ya riƙa mai da wa'adin daidai lokacin shigarwa.

Nura: Na karɓa a kan wa'adi, Allah ya ƙara sani. Amma har yanzu tushen tambayata na nan. In na yi kuskure ai kaina na cuta. Mutum na iya rubuta modul ya loda ya yi abin da ya ga dama, babu mai tantance shi.

Hadiza: Nura, bambancin ke nan ai. Wanda ya loda modul ya ɗauki alhakin kanel gaba ɗaya a wuyansa. BPF kuwa alkawari ya yi: duk shirin da ya wuce mai tantancewa ba zai lalata ma'adanar kanel ba, ko da marubucinsa ya yi kuskure. A kan wannan alkawarin ne kamfanoni ke yarda su loda shiri a na'urar da ke tsakiyar aiki ba tare da sun kashe ta ba. Ranar da aka bar gurbi ɗaya da zai iya durƙusar da na'ura, alkawarin ya tashi ga kowa, ba kai kaɗai ba.

Ɗauki status ɗin da ka so rubutawa. Akwai tutar IPS_DYING. In kanel zai kashe kati, yakan ɗaga tutar ya duba ko dama a ɗage take, duk a motsi ɗaya. In a ɗage take ya san wani ya riga shi, sai ya janye hannu. Yanzu ka ce shirinka ya karanta status, kafin ya mayar wani CPU ya ɗaga tutar mutuwa, kai kuma ka zo ka rubuta tsohuwar ƙimar a kai. Ka sauke tutar ke nan ba da saninka ba. Mai shara na biyu zai zo ya ga kati da rai, ya sake cire shi daga tebur, ya sake rage ƙidayar masu riƙe da shi. Daga nan ana amfani da ma'adanar da aka riga aka saki, kuma irin wannan ramin ne masu kutse ke nema ido rufe. IPS_CONFIRMED ma haka: ita ce shaidar cewa kati na cikin tebur, ka sauke ta a iya shigar da shi sau biyu, jerin ya harɗe.

Shi ya sa bpf_ct_change_status ke da sharuɗɗa. Ka taɓa EXPECTED ko CONFIRMED ko DYING ya mayar maka da EBUSY, wato ya ƙi. SEEN_REPLY da ASSURED kana iya ɗagawa amma ba ka iya saukewa. Tutocin NAT kuwa ko ka aika ba zai kula su ba. Sauran yana canza su ɗaya bayan ɗaya, ba ya shafe gurbin duka. Kuma ba don BPF aka ƙirƙiro sharuɗɗan ba, su ne dai ake bi in ka yi amfani da umarnin conntrack daga sama, wato daga wajen kanel, sai aka fitar da aikin wuri guda kowa ya riƙa bi ta nan.

Bashir: Anti Hadiza, to shi mark me ya sa aka bari?

Hadiza: Domin kanel bai dogara da shi wajen tsaron kansa ba. Lamba ce da aka bar wa mai na'ura ya rubuta abin da yake so, dokokin nftables su karanta. Kowace lamba ka sa, ba abin da zai fashe. Daniel Xu ne ya kawo facin, ya shiga 6.1. Mai tantancewa na duba inda rubutun zai sauka da girmansa tun lokacin loda shiri, in ya zarce iyakar mark ko da bayit ɗaya ya ƙi.

Alhaji Tanko: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni tun kanel 2.4 nake tare da iptables, tun ana kiran abin ip_conntrack. A iya sanina ƙarfin conntrack shi ne hannu ɗaya ke rubutu a teburin: fakiti ya zo, injin ya duba, ya rubuta. Yanzu an buɗe taga ta gefe an ce wani shiri ma ya riƙa buɗe kati yana canza matsayi. Kun ce mai tantancewa na gadi. Shi mai gadin wa ke gadinsa? A 2020 Manfred Paul ya karya shi a gasar Pwn2Own, a 2021 ma aka sake samun rami a lissafinsa na iyakar lambobi. 'Ya'yana, a bar kaza cikin gashinta.

Malam Habibu: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ramukan da ka ambata gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai waɗancan sun yi muni ne saboda a lokacin talakan mai amfani, wanda ba shi da wani iko, na iya loda shirin BPF. Daga baya manyan rabe-raben Linux suka rufe wannan ƙofar tun daga saitin farko. Shirin XDP kuwa sai mai iko ke loda shi.

Batun hannu ɗaya kuma, da izininka, an daɗe da wuce nan. ctnetlink, hanyar da shirye-shirye ke magana da conntrack, na buɗe kati ya canza shi daga sama shekara da shekaru, da shi conntrackd ke kwafe tebur daga na'ura zuwa 'yar'uwarta. Open vSwitch na amfani da teburin, act_ct na tc ma haka. BPF baƙo ne na baya-bayan nan, kuma a ganina shi aka fi ɗaure wa hannu.

Bari in nuna abin da ya fi burge ni a aikin, don shi ne zuciyar maganar. A 5.18 Kumar Kartikeya Dwivedi ya shigar da nema kawai: ka nemi kati, ka duba, ka saki. Babban dalilin farko shi ne kare kai daga ambaliyar SYN (fakitin buɗe haɗin TCP) tun a XDP, aikin da Maxim Mikityanskiy ke yi, domin shirin na bukatar sanin ko fakiti na wani haɗi ne da aka sani. A 6.0 shi da Lorenzo Bianconi suka ƙara buɗe sabon kati da shigar da shi. A nan matsala ta taso. Katin da ka buɗe yanzu naka ne kai kaɗai, babu CPU ɗin da ya san da shi, kana iya gyara shi hankali kwance. Da zarar ya shiga tebur ya zama na kowa. Abu ɗaya ne a ma'adana, amma hukuncinsa ya canza. Ta yaya mai tantancewa zai bambance su alhali bai gudanar da shirin ba?

Sai suka raɗa wa jaririn, wato katin da bai shiga tebur ba, suna dabam. bpf_xdp_ct_alloc ba ya ba ka nf_conn, nf_conn___init yake ba ka. Cikinsa nf_conn ne tsaf, ba a ƙara ko bayit ba, sunan ne kawai ya bambanta. bpf_ct_set_timeout da bpf_ct_set_status ba sa karɓar kowa sai mai wannan sunan. Masu change kuma ba sa karɓarsa. bpf_ct_insert_entry na karɓe shi daga hannunka, tsohon manunin ya mutu a idon mai tantancewa, ya miƙo maka nf_conn in an dace, in ba a dace ba ya share katin da kansa ya ba ka NULL. Ba ka da hanyar shigar da kati sau biyu, ba ka da hanyar shigar da wanda ka samo ta nema. Ba wai za a kama ka in ka yi ba, shirin ne ba zai lodu ba tun farko.

bpf_ct_set_nat_info da ya zo a 6.1 shi ma jariri kaɗai yake karɓa, kuma dalilin a fili yake. NAT na canza bayanin amsa, bayanin amsa kuma shi ke nuna aljihun da za a ajiye kati a tebur. Ka canza shi bayan an ajiye, kati na wani aljihu ana nemansa a wani.

Duk wanda ke da rubutun kanel ya buɗe test_bpf_nf_fail.c a cikin gwaje-gwajen BPF. Shirye-shirye ne ƙanana da aka rubuta da gangan don su faɗi, kowanne da laifinsa. Wanda ya yi irin na Nura ma na ciki, yana rubutu a status. Gani ya kori ji.

Bashir: Malam, abin da ban gane ba shi ne saki. Na ga ana cewa dole a kira bpf_ct_release. In karantawa kawai na yi, me zan saki?

Malam Habibu: Tambaya mai kyau. Ma'adanar katunan conntrack irin wadda ake kira SLAB_TYPESAFE_BY_RCU ce. Ma'anarta, in kati ya mutu ana iya ba wani sabon haɗi gurbinsa nan take, kai kana kallo. Za ka ga kati ne, amma na wani ne. Don haka mai nema yakan ƙara ɗaya a ƙidayar masu riƙo, sannan ya sake dubawa ko har yanzu katin da yake nema ne. Muddin kana riƙe, ba za a sake shi ba. In ka manta ba ka saki ba, ba zai taɓa mutuwa ba, ma'adana ta yi ta yoyo. Mai tantancewa na bin kowace hanya da shirinka zai iya bi, in ya ga ko guda ɗaya da ta kai ƙarshe da riƙo a hannu ya ƙi. Haka in ba ka duba NULL ba kafin ka taɓa, haka in ka taɓa bayan ka saki. Har manunin da ka matsar gaba ko wanda ka tsinto a cikin wani tsari ba ya karɓa, sai ainihin wanda aka miƙo maka.

Isufu Maraɗi: Barkanmu da war haka. Ni fa ina ganin duk wannan wahalar ba dole ba ce. Cilium, wani babban shirin sadarwa da aka gina kan BPF, bai jira conntrack na kanel ba, nasa teburin ya gina a ma'ajin BPF. Katran na Facebook ma a ma'ajinsa yake tuna haɗi. Teburinka ne, ka rubuta abin da kake so, ba mai ce maka EBUSY. Kuma waɗannan ayyukan da Malam ke yabo, su masu kanel da bakinsu suka ce ba su yi alkawarin za su dawwama yadda suke ba, ana iya canza su a kowace siga. Wanda ke kan Ubuntu 22.04 da kanel 5.15 ko ɗaya ba shi da shi. Nura, gina naka ka huta.

Nura: Malam Isufu, na yi wannan tunanin. Amma NAT ɗin fa? nftables ne ke zaɓen lambar ƙofa. In na yi nawa teburin, sai dai in karɓe NAT ɗin duka, in riƙa rabon ƙofofi da kaina, in kula da saƙonnin ICMP masu ɗauke da fakiti a ciki, in kula da gutsattsarin fakiti. Ni kaɗai ne a wajen nan.

Isufu Maraɗi: Wannan kam gaskiya ne. Cilium jama'a guda ke aikinsa shekaru. Amma ka riƙe maganata ta canjin siga, ka riƙa gwada shirin kafin kowane sabunta kanel.

Hadiza: Ina so in koma kan maganar Alhaji, domin ina ganin an amsa masa rabi an bar rabi. Malam Habibu ya nuna kanel ba zai faɗi ba, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma damuwar Alhaji ta wuce faɗuwar kanel, kuma a nan ina bayansa.

Kusan kowace katanga da muka gina, dokarta ta farko ita ce a bar duk abin da yake established, wato na haɗin da ya riga ya kafu, ya wuce. Mun yarda da dokar ne saboda mun san kati ba ya samuwa sai fakitin farko ya bi ta sauran dokoki an amince da shi. Yanzu shirin XDP na iya buɗe kati ya shigar tun fakiti bai ga doka ko ɗaya ba. Ka buɗe katin UDP, duk fakitin da ya zo ta fuskar amsa established ne a idon nftables. Mai tantancewa ba ruwansa da wannan, a wurinsa shirin lafiya lau yake. Ya tsare ma'adana, bai tsare manufarka ba.

Ga na biyu. Kati mai tutar ASSURED, kanel ba ya korarsa in tebur ya cika. Na taɓa zuwa gyara a wani wuri inda wani ya rubuta shiri mai buɗe kati ga kowane sabon fakitin UDP, ya ɗaga ASSURED, ya ba shi wa'adin awa guda don kada haɗi ya yanke. Aka turo musu fakitoci masu adireshin bogi, tebur ya kai nf_conntrack_max, saƙon table full ya cika log, sabon haɗi na halal ya kasa shiga. Kanel bai faɗi ba, yana tsaye daram, amma ba mai iya aiki. Wa'adin da bpf_xdp_ct_alloc ke bayarwa in ba ka ce komai ba daƙiƙa 10 ne kacal, kuma ina ganin da hikima aka zaɓe shi gajere.

Malam Habibu: Hajiya, root na iya yin wannan ɓarnar da conntrack -I ma.

Hadiza: Yana iyawa, Malam, amma da hannunsa, lokacin da ya so. Shirin XDP kuwa fakitin baƙo ne ke tayar da shi, sau miliyoyi, kuma baƙon ne ke zaɓen abin da ke cikin fakitin. Ikon ɗaya ne, mai danna kunamar ne ya bambanta.

Malam Habibu: Na sallama. Wannan haka yake.

Alhaji Tanko: Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi abin da ke raina fiye da yadda na faɗa. Ni ban ce a hana ba tunda an riga an yi. Na ce duk wanda zai karanta dokokin katanga daga yau, ya tambaya ko akwai shiri a maƙale a katin sadarwa, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layi, don nft list ruleset ba zai nuna masa ba. Sai ya duba bpftool net.

Hadiza: Ko mark ɗin da muka ce ba shi da haɗari, akwai abin lura biyu. In nftables ko iptables ya canza mark, yakan yi sanarwa, conntrackd ya ji ya kai wa na'ura ta biyu. Rubutun BPF ajiya ce kawai, ba sanarwa. Mai na'urori biyu masu karɓar juna ya sani. Sannan in ka karanta mark ka ƙara bit ka mayar, wani CPU ko wata doka na iya yin nata a tsakani, ɗayanku ya shafe na ɗaya. Ku raba tun farko: wa ke da ikon rubutu a lambar.

Nura: Na gode ƙwarai. Na sa bpf_ct_change_timeout jiya da dare, na yi kira na fi minti ashirin bai tsinke ba. Na kuma gane dalilin da ya sa tsinkewar ta yi tsanani: dokarmu ta NAT, wato masquerade, na da random, duk lokacin da kati ya mutu aka buɗe sabo sai lambar ƙofa ta canza, ɗaya ɓangaren ya ga kamar wani ne dabam.

Amma yanzu na hango wata. Adadin katunan TCP sai hawa yake, ba ya sauka.

Malam Habibu: Dama ina jiran wannan. FIN da RST, fakitocin rufe haɗin TCP, su ma kana tura su ta gajeriyar hanya?

Nura: E, duk abin da ke da kati.

Malam Habibu: To conntrack bai san an yi sallama ba. A wurinsa haɗin na nan, wa'adin established kuwa daƙiƙa 432000 ne, kwana biyar cif. UDP na mutuwa da wuri, TCP na ƙin mutuwa, ciwo ɗaya ne: ka ɗauke masa ido.

Za ka ce bari in bar SYN da FIN da RST su hau sama. Daidai ne, amma akwai ƙaya. conntrack na bin lambobin jerin TCP yana auna taga, wato iyakar lambobin da yake sa ran gani a gaba. Ka ɓoye masa megabayit ɗari, sannan FIN ya iso da lambar da ta yi nisa da inda ya tsaya, sai ya ce wannan ba na cikin taga ba ne, ya kira shi invalid. In kana da dokar zubar da invalid, ka zubar da sallamar kwastomanka, haɗin ya rataye. Bayanin tagar na cikin ct->proto, kuma ba ka da ikon rubutu a can.

Nura: To mafita fa, Malam?

Malam Habibu: Biyu na sani. Ka ɗaga nf_conntrack_tcp_be_liberal zuwa 1, sai ya daina kiran fakitin wajen taga invalid, ban da RST. Amma sassaucin zai shafi dukan haɗin da ke na'urar, har waɗanda ba ka gajarce musu hanya ba.

Ta biyu ita na fi so maka. Abin da kake ginawa da hannu, netfilter na da shi tun 4.16, flowtable. Doka ɗaya ce a sarkar forward. Haɗi ya kafu sai a sa shi a gajeriyar hanya tun daga mashiga, NAT da komai. Shi ya san ya sassauta duban taga ga wannan haɗin kaɗai, ya san ya kula da wa'adin kati, in ya ga FIN ko RST ya mai da haɗin hanyar asali. Bai kai XDP sauri ba, tunda sai an gina skb, wato tsarin da kanel ke riƙe fakiti a ciki, kafin a kai gare shi, amma ya tsallake mafi yawan hanya. Daga 6.11 kuma akwai bpf_xdp_flow_lookup, wanda ke ba shirin XDP damar duba flowtable ɗin kansa.

Isufu Maraɗi: Ka ga inda maganata ta dawo. 6.11 ba ya Debian 12.

Malam Habibu: Ba ya nan, sai ya ɗauko sabon kanel. Shi ya sa na ce ya fara da flowtable zalla ya ga ko ya ishe shi.

Hadiza: Nura, in ka bar XDP ɗin ga UDP, kada ka sabunta wa'adi a kowane fakiti. Karanta ct->timeout, ka gwada da bpf_jiffies64, sai in saura bai kai rabi ba ka kira change. Rubutu a kati ɗaya daga CPU biyu, na tafiya da na dawowa, yana cin lokaci. Kuma ka duba abin da ya mayar maka: EPERM na nufin an ƙulle wa'adin katin, ETIME na nufin katin na bakin mutuwa. In ka ga ETIME ka saki katin ka bar fakitin ya hau sama, kada ka tura shi da bayanin mamaci.

Bashir: Ni dai yau na ƙaru. Malam, in ina son gwada wannan a kwamfutata ba tare da na ɓata komai ba fa?

Malam Habibu: Yi netns biyu, wato keɓaɓɓun ɗakunan sadarwa a cikin kwamfuta ɗaya, ka haɗa su da veth, wayar kwaikwayo mai baki biyu, ka maƙala shirin a can. Ka tabbata modul ɗin nf_conntrack na lode kuma akwai fayil mai sunansa a /sys/kernel/btf, in babu shirin ba zai ga ayyukan ba. Ka buɗe conntrack -E a wata taga kana kallon katuna na haihuwa suna mutuwa. Ka tuna neman TCP da UDP kaɗai yake karɓa, ka ba shi ICMP ya ce EPROTO. Fara da shirin da ke mantawa da saki da gangan, ka karanta abin da mai tantancewa zai ce maka layi bayan layi.

Nura: Jama'a, ga inda aka kwana. Na cire TCP gaba ɗaya daga shirin XDP na mai da shi flowtable. Tsofaffin katunan da suka taru na share su da conntrack -D bayan sha biyun dare, adadin yanzu yana hawa da yamma ya sauka da asuba kamar da. UDP na bar shi a XDP da sabunta wa'adi irin yadda Anti Hadiza ta ce, kuma shirin ba ya buɗe kati ko ɗaya, nema kawai yake yi, fakitin farko dole ya bi ta dokoki. Na rubuta a saman fayil ɗin nftables cewa akwai shiri a katin sadarwa, da sunansa da inda rubutunsa yake, saboda maganar Alhaji.

Saura abu ɗaya da na lura da shi yau: ƙidayar bayit ta conntrack ba ta motsi ga UDP ɗin da ke bin XDP, mu kuma da ita muke duba yawan amfanin kowane kwastoma.

Malam Habibu: Ba za ta motsa ba, kuma babu aikin da aka ba BPF na ƙara ta. Ka ƙirga da kanka a ma'aji na kowane CPU, makullin ya zama adireshin kwastoma, ka riƙa tarawa daga sama. Turo min shirin in duba kafin ka loda.